Man da ke tsakiyar teku: wa ke samun aikin, wa ke cin kwangilar?

Duk sanda aka ji wani kamfanin mai zai zuba biliyoyin daloli a cikin teku, kamar yadda aka sanar a watan Disamban 2024 cewa Shell zai kashe wajen dala biliyan 5 a aikin haƙo mai na Bonga North da ke tekun Najeriya, maganar farko da ke fitowa daga bakin mutane ita ce to madalla, samari za su samu aiki. Kafin kwana biyu sai ka ga an fara yawo da fom na bogi a WhatsApp wai ana ɗaukar ma'aikata dubu kaza, a turo kuɗin rajista. Wannan lissafin nake so mu zauna mu warware, domin harkar man cikin teku ba ta tafiya yadda yawancinmu muke zato, kuma in ba mu gane hanyar da kuɗin ke bi ba za mu yi ta ƙwanƙwasa ƙofar da babu kowa a ciki.

Mu fara da yadda ake neman man kansa. Da farko jirgin bincike ne zai zo yana jan wasu dogayen wayoyi a bayansa masu tsawon kilomitoci, yana harba ƙara zuwa ƙasan teku yana sauraron yadda take dawowa, da haka ake zana taswirar duwatsun da ke can ƙasa. Wannan jirgin na kamfanin waje ne, ma'aikatansa 'yan goma-goma ne, ya yi 'yan watanninsa ya ƙara gaba wata ƙasa. Bayan masana sun yi nazarin taswirar sai a ɗauko jirgin haƙa, wanda a 2023 da 2024 kuɗin hayarsa a rana ɗaya tak yakan kai dala dubu 400 zuwa 500, kuma masu irinsa a duniya 'yan tsiraru ne, su Transocean da Valaris da Noble da Seadrill. Mutanen da ke kansa ba su wuce 150 zuwa 200 ba. Rijiyar gwaji guda ɗaya a ruwa mai zurfi tana iya lashe dala miliyan 50 zuwa 100, wata ma ta wuce haka, kuma da yawa daga cikinsu a ƙarshe ba a samun man da zai biya wahala, sai a toshe da siminti a tafi. To kamfanin da ke ƙona rabin miliyan na dala kullum ba zai yarda a koyi aiki a kansa ba, duk awa ɗaya da aka ɓata kuɗi ne. Shi ya sa matakin neman mai shi ne mafi ƙarancin guraben aiki kuma mafi wuyar shiga ga ɗan gida, ko a Najeriya ne ko a Namibiya da ake ta gano mai tun 2022.

Ko bayan an samu man an fara fitar da shi, katafaren jirgin nan da ake kira FPSO, wanda ke tsaye a tsakiyar teku yana zuƙo mai yana raba shi da ruwa da gas yana adanawa har tanka ta zo ta kwasa, mutanen da ke kwana a kansa a lokaci guda ba su fi 200 ba, ana canjin su duk mako biyu ko huɗu. Ka duba fa, jirgin da ke fitar da ganga dubu 200 a rana amma ma'aikatansa ba su kai na wata makarantar sakandare babba ba. Don haka duk wanda ya ce maka man teku zai kwashe marasa aikin yi kai tsaye bai faɗa maka gaskiya ba. Inda alherin yake shi ne cikin abin da ake saye da abin da ake ƙerawa: ƙarfe, bututu, walda, fenti, wayoyin lantarki, jiragen kai kaya, jirage masu saukar ungulu, abinci, inshora, lauyoyi, zanen injiniyoyi. A nan ne dubban mutane ke cin abinci, kuma a nan ne aka daɗe ana cutar mu.

Dubi Bonga ta asali. Tana da nisan kilomita 120 daga gaɓa, zurfin ruwan wajen ya haura mita 1,000, ita ce babbar rijiyar ruwa mai zurfi ta farko a Najeriya, ta fara ba da mai a Nuwamban 2005. Gangar jikin jirginta a Koriya ta Kudu aka ƙera, aka ja shi har Ingila, can wajen Newcastle aka ɗora masa injinan da ke samansa, sannan aka jawo shi ruwanmu a shirye. Abin da aka yi a gida ɗan kaɗan ne. Su Erha a 2006 da Agbami a 2008 da Akpo a 2009 duk jiragensu daga waje suka zo. Lissafin da hukumar kula da wannan fanni take yawan kawowa shi ne kafin 2010 abin da ke tsayawa a cikin gida daga kuɗin da masana'antar mai ke kashewa bai kai kashi 5 cikin 100 ba, kuma a cikin shekara 30 ƙasar ta yi asarar wajen dala biliyan 380 da guraben aiki miliyan 2. Man namu, amma maƙeran Koriya da injiniyoyin Houston da Aberdeen su ne ke ɗaukar albashinsa.

Wannan ne ya haifar da dokar 2010, wadda Goodluck Jonathan ya sa wa hannu ranar 22 ga Afrilu yana muƙaddashin shugaban ƙasa, dokar da 'yan harkar ke ce wa ta lokal kontent, wato kason aiki da kwangila na 'yan gida. Ita ta kafa hukumar NCDMB mai hedikwata a Yenagoa ta jihar Bayelsa. Kuma a gaskiya dokar tana da haƙora, in ka karanta ta za ka ga waɗanda suka rubuta sun san inda ke musu ciwo. Ta ce ƙananan muƙamai da matsakaita 'yan Najeriya kaɗai za a ɗauka. A manyan muƙaman gudanarwa kamfani na iya riƙe kashi 5 cikin 100 ga baƙi domin kare jarin masu shi. Duk baƙon da aka kawo kan wani aiki dole a haɗa shi da ɗan ƙasa da zai koya a ƙarƙashinsa, cikin shekara 4 a miƙa masa kujerar. A wajen kwangila kuma, kamfanin gida da ya iya aikin ba za a ture shi don kawai wani ya fi shi araha ba matuƙar farashinsa bai ɗara mafi araha da kashi 10 ba. Kamfanin gida a idon dokar shi ne wanda 'yan Najeriya ke da aƙalla kashi 51 na hannun jarinsa. Sannan ana cire kashi 1 cikin 100 na kowace kwangila a ɓangaren haƙo mai a zuba a wani asusu na horaswa da tallafa wa kamfanonin gida, wanda ya karya dokar kuma ana iya cin tararsa kashi 5 na kuɗin aikin ko a soke aikin baki ɗaya.

Akwai wani wuri a dokar da mutane ba su cika lura da shi ba. Inda ta ce kamfanonin gida kaɗai za a ba aiki, a kan tudu da fadama ta ce. A ruwa mai zurfi fifiko kawai ta bayar, domin su ma sun san kayan aikin wajen babu su a hannunmu.

Gwajin dokar na gaske shi ne Egina, aikin kamfanin Total da aka yanke shawarar farawa a 2013. Rijiyoyi 44 ne a ƙarƙashin ruwa mai zurfin wajen mita 1,600, kuɗin aikin gaba ɗaya ya kai kimanin dala biliyan 16. Jirgin kansa tsawonsa mita 330, nauyinsa tan dubu 220, yana ɗaukar ganga miliyan 2.3 a cikinsa. Samsung ne ya ƙera gangar jikinsa a Geoje ta Koriya, wannan kam bai canza ba, amma a wannan karon hukumar ta kafe cewa sai an kawo shi Legas an ƙarasa. A Janairun 2018 jiragen ja suka shigo da shi tashar Legas, abu kamar unguwa guda yana tafiya a kan ruwa, aka ɗaure shi a yadi, wato filin ƙera da haɗa jirage, da aka gina musamman dominsa a harabar kamfanin LADOL kusa da Tarkwa Bay. Daga cikin manyan sassa 18 da ke samansa, 6 a Najeriya aka ƙera su, a nan aka ɗaga su aka ɗora aka haɗa. Total ya ce an sarrafa tan dubu 60 na kayan aiki a cikin gida, a yadika irin na Nigerdock da ke Snake Island da na Saipem da Aveon a Fatakwal, kuma kashi 77 cikin 100 na awannin aikin a Najeriya aka yi su. A Agusta ya bar Legas, a ƙarshen Disamban 2018 mai ya fara fita. Wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma duk mai cewa dokar ba ta tsinana komai ba to ya je ya tambayi masu waldar da suka yi aiki a kan wannan jirgi.

Ina so ka gane wace irin walda ake magana. Ba irin ta ƙofa da taga ba ce. Ana kafe bututu a karkace, ba a juya shi, mai waldar ne zai zagaye shi da hannunsa sama da ƙasa da gefe, abin da suke kira gwajin 6G. In ya gama ba a duba da ido kawai, sai an ɗauki hoton cikin ɗinkin da na'ura kamar yadda ake wa mai karaya a asibiti, in an ga kumfa ko tsaga ko da ta kai ƙwayar gero sai a yanke a sake, in kuskurensa ya yi yawa a sauke shi daga layin. Dalili kuwa wannan bututun zai zauna shekara 20 ko fiye a wurin da ɗan Adam ba ya iya nutso ya kai, sai dai na'ura. Yaron da ya kai wannan matsayi ya zama ɗan kasuwar duniya, Katar za ta ɗauke shi, Angola za ta ɗauke shi.

Kuma abin da ya faru ke nan. Daga 2013 da aka amince da Egina har zuwa ƙarshen 2024 ba a sake amincewa da wani babban aikin ruwa mai zurfi a Najeriya ba, shekara 11 cur. Farashin mai ya faɗi a 2014, dokar PIA mai sake fasalin harkar mai ta yi ta jan ƙafa a majalisa har sai 2021, a 2019 aka ƙara kuɗin da gwamnati ke karɓa a rijiyoyin ruwa mai zurfi, kamfanonin suka kwashi jarinsu suka nufi Guyana da Brazil. Yadin da aka kashe maƙudan kuɗi aka gina a Legas bai sake ganin jirgi irin Egina ba, ga kuma rigimar da ta ɓarke tsakanin Samsung da LADOL kan filin, wadda ta kai su kotu. Kamar tela ne da ɗinki ba ya zuwa masa sai da sallah, komai ƙwarewarsa yaran shagonsa watsewa za su yi, in wata sallar ta zagayo sai ya sake koyar da sababbi daga farko. A ganina wannan ita ce babbar matsalar da ta fi kowace, kuma ita ce aka fi yin shiru a kanta. Doka tana iya tilasta wa kamfani ya ba ɗan gida aiki, amma ba ta iya tilasta masa ya kawo aikin tun farko. Kashi 77 na aikin da babu shi sifili ne.

Sai matsala ta biyu wadda ta fito daga cikinmu, wato aron suna. Tunda doka ta ce sai kamfanin gida, sai wasu masu hanya suka yi rajistar kamfanonin da ofishinsu a cikin jaka yake, ba injin, ba injiniya, ba yadi, sai takarda mai tambari da lambar wayar wani babba. Su karɓi kwangilar, su miƙa wa Baturen da dama shi zai yi, su ɗora kamashonsu a kai. A takarda an rubuta kamfanin Najeriya ya ci kwangila, a zahiri babu ɗan Najeriya ko ɗaya da ya koyi ɗaure noti. Abin takaicin shi ne wannan kamashon ba daga aljihun Shell ko Total yake fita ba. A tsarin rabon mai na ruwa mai zurfi kamfani yana fara cire kuɗin da ya kashe daga man kafin a raba riba da gwamnati, don haka duk dalar da ɗan kamasho ya ƙara an rage ta ne daga abin da zai shiga asusun tarayya, wanda ake rabawa har Sakkwato da Yobe. Gwamnati da kanta ta yarda da wannan, shi ya sa a farkon 2024 Tinubu ya fitar da umarni guda uku kan harkar mai, ɗaya ya hana hukumar amincewa da tsarin kwangilar da ke ɗauke da 'yan tsakiya marasa kayan aiki, wani kuma ya ce a rage tsawon lokacin ba da kwangila, wanda kan kai wata 36, ya dawo wata 6. A lokacin fadar shugaban ƙasa ta ce tsadar aiki a Najeriya ta ɗara ta ƙasashe irinta da wajen kashi 40. Wasu 'yan kasuwar gida sun ji tsoron kada a fake da wannan a sassauta dokar baki ɗaya, kuma tsoronsu yana da tushe, amma ni ban ga yadda za a kare mai aron suna da sunan kishin ƙasa ba.

Wannan ya kawo mu kan alƙaluman da ake shela. Hukumar NCDMB ta ce a kason gida daga kashi 26 a 2017 an kai 54 a 2022, an kai 56 a 2024, burinta kuma kashi 70 nan da 2027. Ci gaba ne babu shakka. Sai dai ka riƙa tambaya, kashi 56 na me? Awannin aiki daban, kuɗi daban. Dubban awannin lebura da mai fenti da mai gadi ba su kai kuɗin injin guda ɗaya da aka sayo daga Amurka ko Jamus ba. Sannan in kamfanin gida ya karɓi dala miliyan 100 ya kashe 80 wajen shigo da kaya, nawa ne ya zauna a ƙasa? Ƙarfen da ake ta yankawa ana waldawa a Fatakwal da Legas shigo da shi ake yi, tunda masana'antar ƙarfe ta Ajaokuta da aka fara tun ƙarshen shekarun 1970 har yau ba ta narka ƙarfen da aka gina ta dominsa ba. Akwai masana'antun naɗa bututu, kamar SCC a Abuja, amma faifan ƙarfen da suke naɗawa daga waje yake zuwa. Ga wuta, yadi na tafiya ne a kan janareta da dizal.

Maganar jari ma haka. Ɗan Najeriya da ke son sayen jirgin kai kaya zuwa dandamalin mai yana bukatar miliyoyin daloli, in ya je bankin gida a 2024 ruwan bashi ya kusa kashi 30 kuma na gajeren lokaci, abokin takararsa na Norway ko Singafo yana karɓar nasa da ɗan ƙaramin ruwa na shekaru masu yawa. Ta ina za su haɗa farashi? Hukumar ta yi ƙoƙari a nan, a 2017 ta ajiye dala miliyan 200 a Bankin Masana'antu domin ba da rance da ruwa kashi 8, a 2020 ta ƙara ya zama miliyan 350, amma ka auna wannan da aiki guda na biliyan 16. A ɗaya gefen kuma akwai dokar sufurin jiragen gaɓa ta 2003 da ta kafa asusun taimaka wa 'yan ƙasa su mallaki jirage, ana cire kashi 2 ana tarawa a hannun hukumar kula da sufurin ruwa ta NIMASA, aka shafe shekara 20 ana tara kuɗin masu jirage suna jira ba a raba ba. Yaran da suka gama makarantar jiragen ruwa ta Oron kuwa da yawa sukan maƙale saboda rashin jirgin da za su yi watannin horon cikin teku, in babu shi satifiket ɗin bai cika ba.

A ɓangaren ma'aikata korafin ƙungiyoyin ma'aikatan mai na PENGASSAN da NUPENG bai canza ba tsawon shekaru. Na farko, ana kawo baƙo a kan muƙami, shekara 4 ta cika sai a canza wa muƙamin suna a sake nema masa izini, ɗan ƙasar da aka ce yana koyo ya tsufa yana koyo. Na biyu kuma wanda ya fi taɓa talaka, aikin wucin gadi. Mutum yana sanye da kayan aiki irin na kowa a kan dandamali, yana aikin da ya fi na kowa haɗari, amma ba ma'aikacin kamfanin man ba ne, wani ɗan kwangilar samar da leburori ne ya kawo shi, albashinsa kaɗan ne daga na abokin aikinsa, kwangila ta ƙare ya koma gida hannu rabbana. A lissafi shi ma an ƙirga shi cikin 'yan ƙasar da aka ɗauka.

Ba mu kaɗai muka shiga wannan ba. Norway da ake yawan misali da ita ta kafa kamfanin manta na gwamnati, Statoil, a 1972 ta kuma sa a fifita kamfanonin gida, amma kafin mai dama tana da yadikan ƙera jirage da matuƙa da injiniyoyi, juya su kawai ta yi. Brazil ta tsaurara ƙa'ida sosai, ta kafa Sete Brasil domin ƙera jiragen haƙa kusan 30 a gida, tsada da jinkiri da cin hanci suka haɗu kamfanin ya durƙushe a 2016, a 2017 gwamnati ta zaftare kason da take nema kusan da rabi. Ghana da ta fara fitar da man Jubilee a 2010 ta yi tata dokar a 2013, ta ce baƙon kamfanin da zai kawo kaya ko hidima sai ya haɗa gwiwa da na gida mai aƙalla kashi 10, amma jiragenta uku na FPSO duk a Singafo aka haɗa su, kuma 'yan uwanmu na zangon Takoradi da Sekondi sun fi ganin tashin kuɗin hayar ɗaki a kan takardar ɗaukar aiki.

To mu da ke nesa da teku ina ruwanmu? Da ruwanmu sosai. Na ɗaya kuɗin asusun tarayya da na ambata. Na biyu, dokar cewa ta yi ɗan Najeriya, ba ta ce ɗan jiha kaza ba, ko da yake al'ummomin gaɓar teku da ke shaƙar hayaƙin gas suna rasa kamun kifi suna da haƙƙin da ya wuce na kowa, wannan bai kamata ma a yi musu a kai ba, PIA ta ware musu kashi 3 na kuɗin gudanarwar kamfanoni. Na uku, manyanmu sun daɗe a cikin tekun. Kamfanin SAPETRO na Janar T.Y. Danjuma yana da kashi 15 a filin da Akpo da Egina suke. Oriental Energy na Alhaji Muhammadu Indimi shi ke da filayen mai na Ebok da Okwok a ruwan Akwa Ibom. Kuma ga abin lura, jirgin FPSO na dala miliyan 315 da Oriental ya tanada domin Okwok a Dubai aka haɗa shi, can mataimakin shugaban ƙasa Kashim Shettima ya je ƙaddamarwa a Disamban 2024. Ba laifinsa nake gani ba, ɗan kasuwa inda aiki zai fita da sauri da araha yake zuwa, amma yana nuna maka cewa mallakar rijiya daban, iya ƙera kayan aikinta daban.

Akwai kuma wani dutse da ake kira barait, mai nauyi, wanda ake niƙawa a zuba cikin taɓon haƙa domin ya danne ƙarfin gas da mai kada rijiya ta yi aman wuta. Kusan babu rijiyar da ake haƙawa ba da shi ba, kuma yana nan jibge a Azara ta jihar Nasarawa, da Taraba da Binuwai da Kuros Riba. Duk da haka an daɗe ana shigo da shi daga Maroko da Chana. Me ya sa? Masu haƙar namu da diga da shebur suke yi, ana haɗa mai kyau da mara kyau, kamfani kuma yana son nauyin da bai gaza ma'aunin da aka gindaya ba, 4.2 ko aƙalla 4.1, a niƙe daidai, a buhu mai lamba, tan kaza a rana kaza ba fashi. A 2021 gwamnati ta ƙaddamar da barait ɗin gida a Fatakwal, amma ƙaddamarwa ba ita ce injin wankewa da ɗakin gwaji ba. Wannan kasuwa ce da attajiran Kano da Kaduna za su iya shiga ba tare da sun taɓa ganin teku ba. Haka abinci, nama da albasa da tumatirin da ake lodawa a kwantena mai sanyi daga tashar Onne zuwa dandamali, da yawansu daga gonakinmu suka taso, amma ribar tana hannun wanda ke da motar sanyi da takardar tsafta da rajista.

Rajistar nan ita ce ƙofa. Kamfanin da ke son kwangila sai ya shiga rumbun NOGIC JQS na hukumar da kuma NipeX inda ake tallata ayyukan, da takardun haraji da shaidar kiyaye haɗari da tarihin aikin da ya taɓa yi. Matashi ma yana iya sa sunansa da takardunsa a NOGIC JQS, daga nan hukumar ke zaɓo waɗanda take turawa horo. Ga makarantar koyar da aikin mai ta PTI a Effurun, ga tallafin karatu na asusun PTDF na gwamnati. Kuma ko shara za ka yi a kan dandamali ba za ka hau jirgi mai saukar ungulu ba sai da satifiket na BOSIET, horon 'yan kwanaki ne inda ake ɗaure ka a kujera cikin wani akwati mai siffar jirgin, a nutsar da shi a kududdufi a kifa shi, ka riƙe numfashi ka ture taga ka kwance bel ka fito, kuma duk shekara 4 sai an sabunta. Wanda bai iya ruwa ba gara ya fara daga nan. Duk wanda ya ce ka turo kuɗi ya saka sunanka a jerin ma'aikatan Shell ɓarawo ne, kamfanonin nan ba sa sayar da fom.

Mu koma kan Bonga North tunda shi ne aikin da ke ƙasa yanzu. Ba sabon jirgi za a ƙera ba, rijiyoyi 16 ne za a haƙa, 8 na fitar da mai 8 na tura ruwa, a ja bututu a haɗa su da tsohon jirgin Bonga, ana sa ran ganga dubu 110 a rana in ya kai ƙololuwa. Ke nan aikin yadi irin na Egina ba zai samu ba, abin da ke akwai shi ne bututu da kayan ƙasan teku da jiragen shimfiɗa su. Kwangilar wannan ɓangaren ta kusan dala biliyan 1 an ba Saipem na Italiya ne tare da kamfanonin gida biyu, KOA da Aveon, kuma Saipem da kansa ya ce kasonsa wajen miliyan 900 ne, duk da ya ce zane da ƙira za a yi su a cikin gida tare da 'yan kwangilar Najeriya. Wanda zai bukaci sabon FPSO shi ne wani aikin Shell mai suna Bonga South West, wanda aka fi shekara goma ana ɗage shi, kuma ranar da aka amince da shi tambayar da ya kamata 'yan majalisa da 'yan jarida su riƙe ita ce sassa nawa za a ƙera a Legas da Fatakwal, tan nawa, a wane yadi, kuma wane aiki ne zai biyo baya kafin masu waldar su sake watsewa.